Karatun Jirgin Sama: Kafin Uba Ya Sayar da Gona

Kowace shekara, da zarar an karanta sakamakon jarrabawar baka, sai wata kasuwa ta ci wadda ba ta da rumfa a babbar kasuwar Maraɗi, ba ta kuma da teburi a kasuwar Dole ta Damagaram. Kasuwar makarantun waje ce. Dillalanta na bin gidaje da ofisoshi riƙe da takardu masu ƙyalli, yanzu ma har ta wayar salula suke turo su, kuma cikin hajar da suke talla babu wadda ta fi ɗaukar ido kamar karatun jirgin sama. Ga hoton saurayi cikin fararen kaya tsaye a gindin fiffike, ga sunan makarantar da ba wanda ya taɓa ji, ga kuma alkawari: shekara huɗu, yaro ya dawo injiniyan jiragen sama da sararin samaniya. Uban da ya ƙare ƙuruciyarsa bisa hanyar Kwatano da Kano yana fataucin atamfa, ko ma'aikacin gwamnatin da ya yi shekara ashirin yana ƙirga kwanakin ƙarshen wata, in ya ga haka sai zuciyarsa ta motsa. Wannan ba laifi ba ne. Wanda ɗansa ko ɗiyarsa ta ci baka da maki mai kyau a lissafi, haƙƙinsa ne ya yi dogon buri. Abin tsoro shi ne a sayar da gona, ko fegi, ko a jinginar da gida, tun ba a san abin da za a saya ba.

Kalmar nan “karatun jirgin sama” buhu ce da aka cusa sana'o'i dabam-dabam a cikinta, kuma dillali ba ya son a kwance bakin buhun. Akwai matuƙi, wanda horonsa awoyin tashi ne, kowace awa da farashinta. Akwai makanikin jirgi, mai kwance inji ya ɗaura, ya kuma sa hannu a littafi cewa jirgi na iya tashi. Lasisin wannan ba jami'a ke bayar da shi ba, hukumar jiragen farar hula ce, irin ANAC a Nijar, bisa ƙa'idodin da suka samo asali daga yarjejeniyar Cikago ta 1944, kuma kowane samfurin jirgi sai an sake yi masa horo na musamman. Akwai mai ba jirage hanya daga hasumiya, da mai kula da rada da rediyo da na'urorin sauka, da mai hasashen yanayi. Sannan akwai injiniyan ƙira, mai lissafin yadda iska ke bin fiffike, da nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya gaji ya tsage, da zafin da ke cikin inji, da hanyar da tauraron ɗan'adam zai bi a sama. Wannan na ƙarshe shi ne ake bugawa da manyan haruffa a takardun talla. Shi ne mafi tsawo, shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda ba shi da masana'anta ko guda tun daga Gaya har Bilma.

Abin mamaki, uwaye da yawa sun san sunan Tuluz, amma ba su san abin da ke cikin Yamai ba. Tun 1963 makarantar EAMAC take a babban birnin Nijar tana horar da ma'aikatan jiragen farar hula da na hasashen yanayi. Mallakar ASECNA ce, hukumar da aka kafa ranar 12 ga Disamba 1959 a Sen Luwi ta Senegal domin tsaron zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka fiye da 15. Hukumar na da wata makaranta a Dakar, da wata ta masu kashe gobara a Duwala, amma wadda ke fitar da injiniyoyi da masu ba jirage hanya ita ce ta Yamai. Ƴan Kamaru da ƴan Madagaska da ƴan Gabon na barin ƙasashensu su zo su sha zafin watan Afrilu a bakin kogin Isa saboda ita. Daga Yamai ɗin kuma ake kula da wani babban yanki na sararin samaniya wanda ya ƙetare iyakar Nijar ya shiga na maƙwabta. A wannan gari ne cibiyar AGRHYMET take tun 1974, tana karanta hotunan tauraron ɗan'adam domin sanin halin damina da makiyaya, ga kuma ACMAD, cibiyar yanayi ta nahiyar baki ɗaya. Ƙasa kaɗan ce a yankin ta tara irin waɗannan a gari guda.

Gaskiya ne EAMAC ba ta koyar da ƙera jirgi, kuma bai dace a ruɗi yaro a ce masa tana yi ba. Amma abin da take koyarwa yana da ma'aikata a tsaye, da albashi, da takardar da ake girmamawa daga Nuwakcot har Antananaribo. Ƙofarta konkur ce, ba aljihun uba ba, kuma wanda ya ci bisa kason hukumar ko na ƙasarsa ba gidansu ke ɗaukar nauyin karatun ba. Kujerun kaɗan ne, gasar da zafi, matakin injiniya kuwa sai wanda ya riga ya yi shekaru a jami'a a fannin kimiyya. Duk uban da bai sa ɗansa ya gwada wannan ƙofa ba, ya tsallake ta ya tafi neman dillali, ya bar rijiya a tsakar gidansa ya tafi sayen ruwan garwa.

Wanda kuwa ya kafe sai Turai, to ya ɗauki alƙalami. Manyan makarantun fannin a Faransa, ISAE-SUPAERO da ENAC a Tuluz da ENSMA kusa da Puwatiye, na gwamnati ne, kuma babu mai musun ingancinsu. Ta farkon ma tun 1909 take. Sai dai babbar hanyar shigarsu ita ce shekara biyu a azuzuwan share fage, inda ake dakan lissafi da fizik dare da rana, sannan konkur tare da zaƙaƙuran ɗaliban Faransa da na Maroko da na Tunusiya. Ba a shiga da baka tsirara. Waɗanda ke buɗe ƙofa ga mai baka kai tsaye galibi masu zaman kansu ne, kuɗinsu kuwa ya ninka na jami'ar gwamnati sau uku ko fiye. A 2019 Faransa ta yanka wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, da 3,770 a matakin mastar, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe wani kaso. Tun da yuro guda sefa 655.957 ne, na farkon ya kama miliyon 1 da jika 817, na biyun ya kusa miliyon 2 da rabi. Wannan shi ne ƙaramin ɓangaren. An daɗe ana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 kowane wata kafin a ba shi biza, wato jika 403, a ƙasar da sai farkon 2024 mafi ƙarancin albashi ya kai jika 42. In aka tara shekara biyar bisa waɗannan alƙaluma, kuɗin makaranta da na zama sun haura miliyon 34, ban da tikitin jirgi, ban da rigar sanyi, ban da shekarar da yaro zai iya maimaitawa. Ma'aikacin gwamnati ya lissafa albashin shekara nawa ke nan. Ɗan kasuwa ya lissafa tirela nawa ta albasa.

Kuma lissafin kuɗi ba shi ne duka lissafi ba. Waɗanda suka manyanta ba su manta da ranar 12 ga Janairu 1994 ba, da aka wayi gari faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Uwayen da ke da ɗa a waje suka kwanta da nauyi guda, suka tashi da biyu, a lokacin da gwamnati ke riƙe da albashin watanni ba ta biya ba. Yara nawa ne suka bar karatu a tsakiya suka koma wankin kwanoni a gidajen abinci? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, Faransa ta dakatar da bayar da biza a Yamai, a farkon Janairu 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya a wannan rigima, yaron da ya riga ya samu gurbi, ya biya kuɗin rajista, ya ɗaure akwati, shi ne ya biya diyyarta. Karatun shekara biyar amana ce da ake ba siyasar ƙasashe biyu, ita kuwa siyasa ba ta san ɗan kowa ba.

Masu gudun tsadar Yammacin Turai sun daɗe suna karkata Gabas, kuma ba su yi wauta ba. Yukren, ƙasar jiragen Antonov, tana da makarantun fannin na gaske a Karkif da Kiyef, da malamai, da injuna, da farashin da ɗan kasuwa matsakaici ke iya ɗauka. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 yaƙi ya faɗo, ɗaliban Afirka suka taka da ƙafa cikin ƙanƙara zuwa iyakar Folan, wasu a shekararsu ta ƙarshe, ba tare da ko takardar makin da za su nuna wa wata makaranta ba. A watan Afrilu 2023 aka sake ganin irin haka a Kartum. Babu uban da zai iya hango yaƙi. Amma kowane uba na iya tambaya tun farko: in abu ya ɓaci, wace makaranta ce a wata ƙasa za ta karɓi shekarun da yaron ya riga ya yi? Kuma kowane ɗalibi na iya karɓar takardar makinsa duk ƙarshen shekara ya aiko da kwafi gida. Amurka kuwa, ban da kuɗinta da ba ya cikin lissafin mai sefa, tana da wani shinge da dillalai ba sa faɗa: dokokinta na fitar da fasahar makamai sun sa yawancin ayyukan kamfanonin jirage da na rokoki a rufe suke ga baƙon da ba shi da takardar zama ta dindindin. Yaro na iya gamawa da maki mafi kyau, a hana shi ko leƙa ɗakin da ake aikin da ya karanta.

Akwai kuma arahar da ta fi kowace tsada. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida a Najeriya ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ko sau ɗaya ba, har gwamnatin ƙasarsa ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairu 2024. Hukuncin ya faɗa kan mai gaskiya da maras gaskiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fanni abin ya wuce rashin ado, domin takardar da ba ta da ilimi a bayanta, in aka shiga da ita wurin da ake gyaran jirgi, rayuka ne a kai. Sa'ar da aka yi ita ce kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mutum da takarda kawai, sai sun gwada shi. Wato dai ƙarshen mai irin wannan takarda zaman gida ne, gonar kuma ta riga ta tafi.

To yaya ake gane makarantar kirki? Alhajin da ba ya biyan kuɗin kwantena sai ya aika yaronsa ya ga kaya a tashar jirgin ruwa ya riga ya san amsar, sai dai ya kan manta da ita in aka yi masa Faransanci ko Turanci mai yawa. Abu na farko a duba ko takardar makarantar na cikin waɗanda CAMES ta amince da su. Wannan majalisa, da shugabannin ƙasashe suka kafa a Yamai a 1968, mazauninta Wagadugu, tana fitar da jerin takardun da ta tantance, kuma takarda-takarda take tantancewa, ba makaranta dungurungum ba. Makaranta na iya samun amincewa a fannin ajiyar lissafin kuɗi ta riƙa talla da ita a fannin jirage. A Faransa hukumar CTI ce ke cewa wace makaranta ke da izinin kiran ɗalibinta injiniya. Kowane ma'aikacin gwamnati ya san wahalar neman ekibalans, ya kuma san abokin aikin da ya yi shekaru a ƙaramin mataki saboda takardarsa ta ƙi shiga. Wannan tambaya a ma'aikatar ilimi mai zurfi ake yin ta kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle bayan an dawo.

Bayan takarda sai kayan aiki. Wannan ilimi ba a allo kaɗai ake koyon sa ba. Makarantar da ta isa tana da bututun gwajin iska, inda ake sa ɗan ƙaramin fiffike a hura masa iska a auna ɗagawarsa. Tana da injin jirgi na gaske a kan benci wanda ɗalibai ke kwancewa. Tana da na'urar da ke jan ƙarfe tana lanƙwasa shi har ya karye domin a san iyakarsa. Tana da yarjejeniya da wani kamfani ko sansanin gyara inda yara ke yin watanni suna horon aiki. In aka tambaya aka ce ana kan hanyar kawowa, to a kan hanya karatun ma yake. A tambayi malamai nawa ne na dindindin, nawa ne ƴan ci-rani masu zuwa mako biyu su wuce. A tambayi ina waɗanda suka fita bara da bara waccan suke aiki, a nemi a yi magana da biyu ko uku daga cikinsu ba a gaban dillali ba. Kuɗin mota ko na jirgi da uba zai kashe ya je ya gani da idonsa bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na abin da zai zuba ba.

In aka auna da wannan mudu, sai a ga mafi yawan abin da ke da inganci kuma aljihu ke iya ɗauka yana cikin nahiyar nan. Maroko ta gina masana'antar jirage ta gaske a Nuwasar, kusa da filin jirgin Kasabalanka, inda kamfanoni irin Safran ke haɗa wayoyin jirgi da sassan inji. A can ne aka buɗe cibiyar koyon sana'o'in jirgi ta IMA a 2011, ga kuma makarantar jiragen farar hula mai sunan sarki Muhammadu na shida. Ɗalibin da ke can yana da inda zai taɓa ƙarfe da hannunsa, kuma ƙasar na ba ƴan Nijar gurabe ta hanyar gwamnati da gwamnati. Aljeriya na da cibiyar ilimin jirage da sararin samaniya a jami'ar Bilida. Senegal ta buɗe sashen injiniyancin jirage a babbar makarantar fasaha ta Ciyes, Kodibuwa kuma na da azuzuwan share fage a Yamusukuro. A nan akwai wata doka da uwaye kaɗan suka sani: tun 2005 UEMOA ta umarci ƙasashenta su karɓi kuɗi daidai daga ɗaliban juna a makarantun gwamnati. Nijar ta fita CEDEAO a Janairu 2025, amma ba ta fita UEMOA ba. Ba ko'ina ake aiki da umarnin yadda ya kamata ba, kuma tilasta shi aikin ofisoshin jakadancin Nijar ne, in sun tuna cewa ɗalibai ma ƴan ƙasa ne.

Ga mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, akwai abin da ya fi kusa. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da makanikai da masu ba jirage hanya, kuma tafiyar yini guda ce daga Maraɗi ta Katsina. A Kaduna cibiyar fasaha ta mayaƙan saman Najeriya, AFIT, na bayar da digiri a injiniyancin jirage da sararin samaniya, jami'ar jihar Kwara ma haka. Yaro zai ci tuwon da ya saba, ya yi ciniki da harshen uwarsa, ya zo gida da salla. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuma, mai sefa ya ga sauƙin da bai saba gani ba. Amma sai an faɗi sauran: karatun da Ingilishi ne, mai baka na bukatar shekara guda ta koyon harshe in ba so yake ya yi ta kamun kifi a duhu ba; malaman jami'o'in tarayya sun yi yajin aikin wata takwas a 2022; iyakar ma an rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024. Habasha, wadda kamfaninta na jirage ya fi kowane girma a Afirka, tana da makarantarta a gefen rumfunan gyaran jiragenta a Adis Ababa, sai dai da dalar Amurka ake biya. Turkiyya na bayar da bursu ta hanyar gasa, da shekarar koyon harshe a ciki, kuma jami'o'inta na fasaha a Santambul da Ankara ba na wasa ba ne.

Duk da haka, shawara mafi nauyi ita ce wadda yaro mai shekara 18 ba ya son ji. Shekaru biyu ko uku na farkon injiniyancin jirage kusan duka ɗaya suke da na injiniyancin inji: lissafi, fizik, ƙarfin kayan ƙira, ilimin zafi, ilimin gudanar ruwa da iska, wutar lantarki, kwamfuta. Babu dalilin biyan jika 400 a wata domin koyon abin da ake koyarwa a jami'ar Abdu Mumuni, ko a EMIG, ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Yaron da ya yi waɗannan shekaru a gida ya fito cikin na gaba-gaba, shi ne ke iya cin konkur ɗin injiniya na EAMAC, shi ne kuma ke iya neman bursu na shekara biyu na ƙwarewa a waje, ya tafi yana da shekara 22 da hankalinsa, ba yana 18 da kuɗin uba a aljihu ba. In ƙofar jirage ba ta buɗe ba, takardarsa ta inji ko ta lantarki na da kasuwa a matatar mai ta Damagaram, da NIGELEC, da SONICHAR, da masana'antar siminti ta Malbaza, da bututun man Agadem. Wanda kuwa takardarsa ba ta ce komai ba sai jirgi, in ya dawo bai sami jirgi ba, sai ya yi ta bayani a ƙofar kowane ofishi. Wannan hanya ma gwaji ce mai sauƙin farashi: in yaro bai iya lissafin shekara ta biyu a Yamai ba, Tuluz ba za ta sauƙaƙa masa ba, gara a gane haka tun gonar na nan.

Za a ce jami'o'in gida na fama da cunkoso, da ƙarancin kayan gwaji, da shekarar karatu mai shiga cikin wata, kuma waɗanda suka ga fararen shekarun 1990 ba za su ce ƙarya ne ba. Wannan ne ya mai da maganar ta tashi daga zauren uba ta koma teburin magabata. Tushen duk wani injiniya seri C ne, ita kuwa seri C ta zama kamar ruwa a watan bazara: akwai lise da yawa a karkara inda babu ajin sam, saboda babu malamin lissafi da na fizik da za su riƙe shi. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni Diyofo, ɗan Tasawa, masanin fizik da ya juya iliminsa ga hasken rana saboda ya ga shi ne arzikin da ƙasarsa ke da shi a yalwace, bai dace a ce ɗiyan manoman Tasawa na rasa malamin fizik ba.

Sai maganar bursu. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 kan halin karatu suka fito, jininsu kuma na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Fiye da shekara talatin bayan haka, har yanzu a kowace fada ana raɗe-raɗin cewa guraben Maroko da Aljeriya da Turkiyya na ƙarewa a manyan unguwannin Yamai tun labarinsu bai isa Tawa ba. Ko raɗe-raɗin gaskiya ne ko ƙazafi ne, maganinsa guda ne kuma ba ya cin kuɗi: hukumar ANAB da ma'aikatar ilimi mai zurfi su buga gurabe nawa kowace ƙasa ta bayar, a wane fanni, wa ya samu, da maki nawa, daga wace lise. Wanda ya tafi da kuɗin ƙasa ya sa hannu zai dawo ya yi mata aiki na wasu shekaru. Ita kuma ƙasa ta biya shi a kan kari, domin ɗalibin da ke wata uwa duniya yana jiran bursun wata shida ba karatu yake ba, bara yake.

In ya dawo kuma a ina zai yi aiki? Air Afrique, wadda Nijar ke cikin masu ita tun 1961, ta rushe a 2002, makanikai da injiniyoyin da aka yi shekaru ana horarwa suka watse, wasu Turai, wasu ƙasashen Larabawa, wasu suka koma sayar da kayan gyaran mota. Tun daga nan ƙasar ta sake filin jirgin Diori Hamani a 2019, aka kawo mata jirage marasa matuƙa daga Turkiyya a 2022, ta karɓi sansanin Agadas daga hannun Amurkawa a 2024, kuma a watan Satumba na wannan shekarar ita da Mali da Burkina Faso suka sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan batun taurarin ɗan'adam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na bukatar hannun da zai riƙe shi, kuma muddin hannun na haya ne, ikon ƙasa a kansa bai wuce na takarda ba. Maƙwabta sun nuna yadda ake yi. Najeriya ta sa a cikin cinikinta da kamfanin Ingila cewa injiniyoyinta ne za su haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a 2011. Ɗaliban wata jami'a a Koforiduwa ta Gana sun haɗa nasu ƙarami tare da Japanawa, aka harba a 2017. Senegal ta tura matasanta Monfeliye suka gina Gaindesat, ya tashi a Agusta 2024. Ba ɗaya daga cikinsu da uba ya sayar da gona ya biya. Ƙasa ko jami'a ce ta zaɓa, ta tura, ta tanadi aikin da za a dawo a tarar.

Don haka duk kwangilar jirgi, ko ta rada, ko ta tauraro da za a sa wa hannu da sunan Nijar, wajibi ne a rubuta a cikinta ƴan ƙasa nawa za a horar, a wace makaranta, har zuwa wane mataki, a kuma bayyana wannan sashe ga jama'a ko da sauran sirrin soja ne. Kafin nan akwai abin da ministan ilimi mai zurfi da na sufuri ke iya yi da takarda guda kafin jarrabawar baka mai zuwa: a liƙa ranakun konkur ɗin EAMAC da sharuɗɗansa da jerin guraben ƙasashen waje a allon kowace lise, a karanta su a gidajen rediyon jihohi da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Tamashek, a kuma buɗe wuraren karɓar takardu a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Difa, domin kada kuɗin motar zuwa Yamai ya zama konkur na farko da ɗan talaka zai faɗi.